Ƙafafun Mefiboshet: Magana ga Iyaye a Kan Ciwon Ƙashi na Yara

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13

Aya guda ce tak Littafi Mai Tsarki ya keɓe domin ya ba da labarin yadda ɗan Jonatan ya gurgunce. Yaron yana da shekara 5 sa'ad da labari ya iso daga Yezreyel cewa kakansa Saul da mahaifinsa Jonatan sun mutu a bakin dāga. Mai renonsa ta sunkuce shi domin ta tsere da shi, cikin gaggawar gudun kuwa ya faɗi, tun daga ranar nan ƙafafunsa ba su ƙara komawa daidai ba. Sunansa Mefiboshet. Nassi bai zargi matar nan ba, bai kuwa kamata kowa ya zarge ta ba, gama ƙauna ce ta sa ta ɗauke shi a lokacin da kowa yake ta kansa. Duk da haka, abin da ya faru cikin ƙiftawar ido ya bi yaron har ya zama magidanci.

Masu bi na Potiskum da ƙauyukan kewaye ba su bukatar a yi masu dogon bayanin wannan aya. Waɗanda suka ga harin kasuwar shanu a watan Mayu na 2012, da bom ɗin da ya tashi cikin ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya a watan Nuwamba na 2014, sun san abin da ake nufi da uwa ta goya ɗa ta fita da dare ba tare da ta san inda za ta kwana ba. Ubangiji ya kawo sauƙin waɗannan kwanaki, yabo ya tabbata gare shi. Amma akwai wata hanya dabam da yara suke gurguncewa, ba da ƙarar bindiga ba, ba kuma da gudu ba, sai a hankali, a kan tabarma cikin ɗakin uwarsu, a gaban idon waɗanda suka fi kowa ƙaunarsu. Ciwo ne da yake shiga cikin ƙashi ya tara mugunya. Likitoci suna kiransa ostiyomayelaitis, watau kumburin ƙashi da ɓargo.

Yadda abin yakan fara

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 7, irin waɗanda suke buga ƙwallo a bayan majami'a in an tashi makarantar Lahadi. Ran Litinin ya wayi gari yana ɗingishi, ya ce gwiwarsa tana ciwo. Da aka matsa masa da tambaya sai ya tuna ya faɗi jiya. To, wane yaro ne ba ya faɗuwa kowace rana ta Allah? Aka ce targaɗe ne, aka shafa masa man zafi. Da dare jikinsa ya yi zafi rau. Ran Talata uwar ta je kemis ta sayo maganin zazzaɓin cizon sauro da na saukar da zafin jiki. Zazzaɓin ya lafa na ɗan lokaci, ya sāke dawowa. Ran Laraba yaron ya ƙi taka ƙafar sam, in an danna wani wuri guda ƙasa da gwiwa kaɗan sai ya ƙwala ihu.

Uwar ta ce, “Maigida, yaron nan fa jikinsa bai yi mini ba, mu kai shi asibiti.” Uban ya duba aljihunsa ya ce, “Ki bari mu ga gobe.” Kakar yaron kuwa, wadda ta reni 'ya'ya takwas, ta ce, “Ku yaran yanzu kome asibiti. Ƙashi ne ya goce, a kira mai ɗori.” Mai ɗori ya zo ya murza, ya ja, ya ɗaure da karare da tsumma. Bayan mako guda ƙafar ta kumbura tana sheƙi, aka kira wanzami ya yi sakiya. Mugunya ta fito, zazzaɓi ya sauka, yaron ya yi barci, mutanen gida suka gode wa Allah. Wata uku bayan haka ramin nan bai rufe ba. Yakan bushe na mako biyu ya sāke ɓarkewa, ruwa mai wari yana ɓata wando, wata rana ma ɗan guntun ƙashi ya fito daga ciki.

A cikin gidan nan ba wanda ya ƙi yaron. Uban ba marowaci ba ne, kakar kuma ba muguwa ba ce. Kowannensu ya yi abin da ya sani, kamar mai renon Mefiboshet. Abin da ya ɓace shi ne kwana 3 ko 4 na farko, su ne kuwa kwanakin da ake ceton ƙashi a cikinsu.

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace ne da Mahalicci ya kafa domin ya tokare nama. Ba haka ba ne. Ƙashi abu ne mai rai, jijiyoyin jini suna ratsa shi suna ciyar da shi, cikin ɓargonsa ne kuma ake ƙera jinin da yake zagaya jiki. A jikin yaro, kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo har yaron ya gama girma. Dab da wannan faifai ƙananan jijiyoyin jini suna lanƙwasa, jinin kuwa yana tafiya a hankali, kamar ruwan rafi in ya iso kwana. Inda ruwa ya rage gudu, nan datti yake kwantawa. Idan ƙwayar cuta ta shiga jinin yaro daga maruru, ko ƙurji, ko gyambo, ko ƙazwar da aka sosa, ko cibiyar jariri da ta ruɓe, ko allurar da aka yi da kayan da ba su da tsabta, a wannan kwana take samun masauki. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƙashin cinya da na ƙwauri kusa da gwiwa, da ƙashin dantse kusa da kafaɗa. Ya fi yawa ga yara maza. Faɗuwar da yaro ya tuna da ita sau da yawa ba ita ce ta kawo ciwon ba, iyakarta dai ta ɓatar da hankalin iyaye.

Ƙwayar da ta fi jawo wannan ciwo ita ce wadda take kawo maruru, sunanta istafilokokus. Wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya gan ta cikin mugunya a madubin likita a 1880, ya ga tana taruwa cunkus kamar nonon inabi. Idan ta tara mugunya a fata, fata takan miƙe ta ba da wuri, daga baya marurun ya fashe. Ƙashi kuwa ba ya miƙewa. Mugunyar takan matse a ciki, abin da yake sa azabar da yaro ba ya iya barci ke nan, sa'an nan ta huda ta fito ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙashin, ta ɗaga shi, ta tsinke jijiyoyin da suke ciyar da wurin. Ɓangaren da jini ya daina kai wa sai ya mutu. Jiki yakan yi ƙoƙari ya gina sabon ƙashi kewaye da mataccen, amma mataccen yana nan a ciki kamar gawa cikin akwati, ƙwayoyin cuta suna ɓoye a jikinsa. Tun da jini ba ya isa wurin, magani ma ba ya isa, ko da an sha kwali goma. Wannan shi ne asirin ramin nan da yake rufewa yana buɗewa shekara da shekaru.

Saboda haka akwai abu uku da in sun haɗu a jikin yaro bai kamata rana ta faɗi sau biyu ba a kai shi gaban likita ba: zazzaɓi, da ciwo mai tsanani a wuri guda na ƙafa ko hannu, da ƙin yin amfani da wannan gaɓa. Kada a jira kumburi, gama kumburi baƙo ne mai zuwa a makare. Ko gwaji ya nuna akwai zazzaɓin cizon sauro, wannan bai kore zancen ba, domin a ƙasar nan yaro yana iya ɗauke da cuta biyu a lokaci guda, zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya zaɓen ƙafa ɗaya ya hana ta taka ƙasa. Jariri ya fi wuyar ganewa. Wani ma jikinsa ba zai yi zafi ba, sai dai uwa ta lura ya bar motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, yana tsala kuka duk lokacin da aka ɗaga ƙafar domin a yi masa wanka ko a sāke masa tsumma, yana kuma ƙin nono. A jikin jariri ciwon yakan tsallaka da sauri ya shiga gaɓar kwatangwalo, cikin 'yan kwanaki kuwa mugunya tana iya cinye kan ƙashin cinya, yaron ya tashi da ƙafa ɗaya gajera.

Iyalan da suke da ɗa mai amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, suna da nasu nauyi na musamman. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan lalura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kamar 150,000 da ita a ƙasar kowace shekara. Ƙasusuwan irin waɗannan yara sukan rasa jini a kai a kai, wurin da ya raunana kuwa shi ne ƙwayar cuta take nema. A jikinsu, ban da ƙwayar maruru, sau da yawa akan sami salmonela, dangin ƙwayar da take kawo taifod, wadda take shiga ta abinci da ruwa marar tsabta. Haɗarin shi ne sabo. Uwar da ta ga tashin ciwon ƙashi sau 20 takan ce wannan ma irin na kullum ne. Ko likita ma yakan sha wuya kafin ya rarrabe su. Amma idan zazzaɓi ya yi tsanani, ciwon ya tsaya wuri ɗaya, ya ƙi lafawa bayan an ba da ruwa da maganin zafi kamar yadda aka saba, to, a koma asibiti a faɗa wa likita a sarari cewa wannan bai yi kama da na dā ba. Ikkilisiyoyin da suke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure sun yi abin kirki, ko da yake matasa sukan yi gunaguni. Sai dai yaran da aka riga aka haifa suna nan, su ma 'ya'yan alkawari ne.

“Jifa ne, Baba Fasto”

A nan ne maganar ta shafi ikkilisiya kai tsaye. Ciwon da ya faɗo dare ɗaya ba tare da rauni ba, ya ƙi jin magani, ya riƙa fitar da guntayen ƙashi, ya yi daidai da siffar abin da mutane suke kira jifa ko sammu. Nan da nan sai a tuna da maƙwabciyar da aka yi cacar baki da ita a bakin famfo, ko ɗan'uwan da ake rikicin gona da shi. Akwai gidajen masu bi da zumunci ya tsinke a cikinsu saboda ƙwayar cutar da ido ba ya gani. Wasu kuma sukan juya zargin a kansu, uwa ta kwana tana binciken zunubin da ta yi har Allah ya kama ɗanta. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani a kan mutumin da aka haifa makaho, suna so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da duka biyu, ya juya hankalinsu ga aikin Allah da za a bayyana a kan mutumin (Yahaya 9:1-7). Ya kuma tashi ya yi wani abu nan take, bai bar makahon zaune ana muhawara a kansa ba.

Akwai kuma masu cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, suna kafa hujja da Sarki Asa, wanda ya kamu da ciwon ƙafa a shekara ta 39 ta mulkinsa, Nassi kuma ya zarge shi a kan ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba (2 Tarihi 16:12). Sai a karanta surar daga farkonta. Asa ya riga ya kwashe azurfa da zinariya na Haikali ya sayi taimakon Sarkin Suriya, da annabi Hanani ya tsauta masa kuwa sai ya jefa shi a kurkuku. Zuciyar da ta riga ta juya wa Allah baya ita ce laifin Asa, ciwon ƙafar ya tone ta ne kawai. A gefe guda ga Sarki Hezekiya, wanda ya yi kuka gaban Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15. Annabin da ya kawo masa wannan albishir, Ishaya, shi ne kuma ya umarta a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Alkawarin Allah da magani sun shigo ɗaki ɗaya ta bakin mutum ɗaya. Kada dai wani ya karanta wannan ya tafi neman ɓaure domin ƙafar ɗansa. Abin da zamanin Hezekiya yake da shi ke nan, Allah kuwa ya ba wannan zamani abin da ya fi shi. Manzo Bulus ma bai ji kunyar kiran abokin tafiyarsa Luka likita ba, har ya haɗa da kalmar ƙauna (Kolosiyawa 4:14).

Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce, wani lokaci jinkirin yakan faru ne a hannun shugabanni. Uwa ta kawo ɗa mai zazzaɓi da ƙafar da ba ta taɓuwa, aka shafa masa mai, aka sa mata azumin kwana 7, aka ce ta dawo da shaida. Addu'ar dattawa da shafa mai umarni ne na Nassi (Yakubu 5:14), ba mai ikon soke shi. Amma wasiƙar Yakubu ɗin nan ita ce ta tsawata wa wanda ya sallami mai yunwa da fatan alheri hannu wofi. Fasto ko mai bishara da ya ɗora hannu a kan irin wannan yaro, ya kamata kafin ya ce amin ya riga ya san wanda zai kai su asibiti a ranar. A ƙauyukan Fika da Nangere sau da yawa mai bishara shi ne mutum na farko da ake bugun ƙofarsa da dare, maganarsa kuma ta fi ta malamin asibiti nauyi a kunnen iyaye. Wannan girma ne, amma amana ce da za a ba da lissafinta.

Masu ɗori kuma a ba su hakkinsu. Sun yi wa jama'a hidima tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan, akwai karayar da suke gyarawa ta warke. Amma mugunya cikin ɓargo ba karaya ba ce, murza da ja ba su ƙara mata kome sai azaba. Ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da take kumbura yakan toshe jini, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, likitocin ƙashi na Arewa kuwa sun daɗe suna kokawa a kan yawan yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa ta wannan hanya. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, irin ta haɗarin mota a kan manyan hanyoyin da suka ratsa Potiskum, ko ta faɗowa daga bishiya, ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan. Ƙasa ta riga ta taɓa ƙashin, dole a wanke shi a ɗakin tiyata a ranar.

Abin da za a tarar a asibiti

Likita zai duba yaron, ya ɗebi jini domin ya auna ƙarfin kumburin, inda akwai hali kuma a shuka jinin ko mugunyar a ɗakin gwaji domin a gane ƙwayar da maganin da yake kashe ta. Za a ɗauki hoton ƙashi. A nan iyaye da yawa suke tuntuɓe: hoton kwanakin farko yakan fito lafiya lau, gama ɓarnar ba ta bayyana a hoto sai bayan kwana 10 zuwa 14. Uba ya ga hoto ba kome, sai ya ce ashe kakar yaro ta yi gaskiya, ya nemi sallama. Likitan da ya ce a kwantar da yaro duk da kyakkyawan hoto ba neman kuɗi yake yi ba, yana tsere da lokaci ne. Na'urar da ake duba masu juna biyu da ita takan iya nuna mugunyar da ta taru a jikin ƙashi tun kafin hoto ya nuna.

Maganin shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta, a ba da shi ta jijiya a kwanakin farko, sau da yawa a kowace rana bisa ga nauyin yaron. Idan zazzaɓi ya sauka, ciwo ya ragu, gwajin jini ya nuna sauƙi, sai a koma na sha. Jimlar kwanakin magani takan kama daga mako 3 zuwa mako 6, gwargwadon yadda ciwon ya ci da yadda likita ya gani. Akan tallafe gaɓar da filasta ko abin tokare domin ta huta, kada kuma raunannen ƙashin ya karye. Idan mugunya ta riga ta taru, ko kuwa kwana 2 zuwa 3 sun wuce ba sauƙi, sai a shiga tiyata a buɗe a kwashe ta a wanke. Yaron da aka kawo da wuri, yawanci yakan warke sarai ya koma ƙwallonsa. Kafin a fara amfani da fenisilin a shekarun 1940, wannan ciwo yana kashe yara masu yawa ko a Turai, domin ƙwayar takan bazu cikin jini. Abin da kakanni ba su samu ba ko da dukiya, yau yana kan kantar ɗakin magani.

Jarabar da ta fi kama iyaye tana zuwa ne a mako na biyu. Yaro ya fara dariya, yana cin tuwo, yana taka ƙafa. Kuɗi sun ƙare, damina ta kama, ƙannensa suna gida ba mai duba su. Sai a daina magani, ko a koma sayen kafso biyu yau, uku jibi, a kemis. Wutar da aka rufe da toka ba ta mutu ba. Maganin da aka sha rabi da rabi shi yake mayar da ciwon kwana 10 ya zama na shekara 10, yana kuma koya wa ƙwayar yadda za ta jure maganin. Uban da yake jin nauyin sayar da akuya ɗaya a makon farko, sau da yawa shi ne yake kora saniya zuwa kara bayan shekara guda, ƙafar kuma ba ta dawo yadda take ba.

Wanda ciwonsa ya riga ya tsufa, kada iyayensa su fid da zuciya. Akan yi tiyata a cire mataccen ƙashin a kankare wurin, amma likita yakan jira har sabon ƙashin da jiki ya gina ya yi ƙarfin ɗaukar nauyi, saboda haka in an ce a dawo bayan wata 2 ko 3 ba wulakanci ba ne. Wani yaron sai an yi masa aiki fiye da sau ɗaya. Daga babban asibitin Potiskum akan tura masu bukatar ƙwararru zuwa asibitin koyarwa na Damaturu, mai nisan kilomita kamar 100, ko asibitocin tarayya na Azare da Nguru da Gombe, ko asibitin koyarwa na Maiduguri, ko kuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda yake wannan aiki tun 1959. Barin ramin yana zuba shekaru aru-aru ba zaman lafiya ba ne: yana shan jinin yaro, yana hana shi girma, bakin ramin kuma yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Akwai wani ɗan'uwan wannan ciwo mai tafiyar hawainiya, watau tarin fuka na ƙashi. Ya fi son ƙashin baya. Yaro yana ramewa, yana zufa da dare, yana tafiya a sanƙare, daga baya ɗan ƙusumbi ya fito. Maganinsa na tarin fuka ne, akan sha kamar shekara guda, kyauta ne kuma a cibiyoyin gwamnati. Allurar BCG ta ranar haihuwa da sauran alluran rigakafin jarirai suna rage wasu daga cikin waɗannan cututtuka. Sauran tsaron kuwa na cikin gida ne: sabulu da ruwa a kan ƙurji da gyambo, takalmi a ƙafa, a bar matse maruru da ƙazamin hannu, a bar sa toka ko man goge baki a cibiyar jariri, a yi amfani da maganin cibiya da ake bayarwa a asibiti.

Teburin sarki

Labarin Mefiboshet bai ƙare a ƙasa inda ya faɗi ba. Shekaru suka wuce yana zaune a Lodebar, a gidan wani mutum mai suna Makir, jikan sarki yana cin arzikin wani. Ba shi ya nemi Dawuda ba, Dawuda ne ya tambaya ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul, saboda alkawarin da ya yi da Jonatan. Ziba, baran gidan, da ya tashi ba da amsa, gurguntakar ya ambata, bai ko faɗi sunan ba. Dawuda kuwa da ya gan shi, da sunansa ya kira shi. Mutumin ya sunkuya yana kwatanta kansa da mushen kare, abin da yake nuna irin maganganun da kunnensa ya saba ji tun yana ɗan shekara 5. Dawuda ba shi da ikon gyara ƙafafun nan, marubucin ma ya rufe surar da tunawa cewa har yanzu gurgu ne. Abin da yake hannunsa shi ya yi: ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa, ya ba shi wurin zama a teburinsa tare da 'ya'yan sarki.

A cikin ikkilisiyoyin Yobe akwai yaran da suke zaune a nasu Lodebar. Yaro ne da ya bar makaranta domin 'yan ajinsu suna toshe hanci in ya shigo. Yarinya ce da take zama a bencin baya da dogon zane ko da zafin watan Afrilu, kada a ga tsumman da yake ƙwaurinta. Ba za su zo su nemi taimako ba, iyayensu ma kunya ta rufe masu baki. Sai wani ya yi tambayar Dawuda a taron dattawa, ya kuma jira amsa. Malamin makarantar Lahadi yana da littafin sunaye, ya san wanda ya yi mako 3 bai zo ba. Zumuntar mata, waɗanda ba a taɓa rasa su a gidan biki da gidan makoki ba, suna iya raba kwanakin jinya a tsakaninsu domin uwar ta je ta ga sauran 'ya'yanta, wata kuma ta riƙe katin magani tana duba ko an sha na yau. Matasa suna iya nome gonar uban da yake kwana a barandar asibiti. Ikkilisiyar da take iya yin baiko na musamman domin fentin majami'a tana iya keɓe asusun marasa lafiya wanda ma'aji zai buɗe a daren da ake bukata, ba sai kwamiti ya zauna ran Lahadi ta sama ba, gama kuɗin mota da na allurar kwana 3 na farko su ne suka fi kowane kuɗi amfani a wannan ciwo.

Yaron da aka sallamo da sandunan dogarawa, ko da ƙafa ɗaya gajera, yana bukatar takalmin da aka ƙara wa tsawo, da wanda zai je ya yi magana da shugaban makarantarsu domin a karɓe shi ajin da ya bari, da wanda zai tuna wa iyayensa ranar komawa ganin likita, domin akan bi girman ƙafar har shekara ɗaya ko fiye. A ƙungiyar mawaƙan yara kuma a ajiye masa kujera a layin gaba, malamai su hana kowa kiransa da sunan ciwonsa, a kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa.